Shatin Hannun Yaya

Mai Tabarau mutum ne da ba ya iya ganin shatin yatsa a kan gilashi ya yi shiru. Sana'arsa ce ta mai da shi haka. Shekara da shekaru yana zaune a ɗan shagonsa yana auna ido, yana yanka gilashi, yana goge tabarau da wani ƙyalle da ba ya yarda kowa ya taɓa. Ko gaisuwa ce ta kawo mutum, kafin su gama zai miƙa hannu ya ce, "Kawo in goge maka, ni ban san yadda kake ganin hanya da wannan maiƙo ba." A gida kuwa matarsa ta daɗe da sallamawa. Takan ce da ma Allah ya yi ta madubi, da ta ga kulawa.

To, irin wannan mutum ne ya sayi mota bayan furfura ta fara cin ƙarfin kansa. Ba ta hannu ba ce, sabuwa ce fil, baƙa wuluk, kujerunta duk a cikin leda. Ranar da ya shigo da ita gida sai zagaye ta yake yi yana murmushi shi kaɗai. Matarsa da 'yarsu suka fito suna murna, maƙwabta suka leƙo suna sa albarka. Shi kuwa kunnensa na wajen addu'a, idonsa na kan hannuwansu.

A ƙarshe Yaya ta fito daga ɗakinta na bayan gida, tana dogara sanda.

Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi nesa ba kusa ba. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita ta goya shi, ita ta kai shi makaranta. Don ya yi karatun ne ta shiga aiki a kamfanin takalma, inda injin yankan fata ya tafi da rabin yatsanta na nuni a hannun dama. Ba ta taɓa mai da abin na kuka ba. In yara suka tambaye ta ina ragowar yatsan, sai ta ce yana can kamfani, bai tashi daga aiki ba tukuna. Da mijinta ya rasu, gwiwoyi kuma suka fara yi mata gardama, Mai Tabarau ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa. Har gobe ba ta kiransa da komai sai Auta, ko da a gaban masu sayen tabarau ne.

Ta tsaya ta ƙare wa motar kallo daga fitila har taya, sannan ta ce, "Auta, taka ce ko aro?"

"Tawa ce, Yaya."

"To, gidan gaba nawa ne. Ka dai tuna."

Ya tuna sarai. Tun yana ɗan makaranta, in suna tsaye a bakin titi suna jiran bas, mota mai kyau ta gifta ta watsa musu ruwa, takan ce masa, "Bar su. Ranar da ka sayi taka ni ce a gidan gaba." Yanzu kuma ta ƙara wani sharaɗi. Ta ɗaga guntun yatsan ta ce, "Ƙofar kamfaninmu za ka kai ni. In sauke gilashi in nuna wa rabin yatsana abin da ya saya, kar ya zaci a banza ya zauna."

Kowa ya yi dariya, har da Mai Tabarau. Amma yana dariyar yana kallon hannunta. Yaya ba ta rabuwa da man zafi saboda ciwon gaɓoɓi, hannun kullum yana ƙyalli, warinsa kuwa in ya shiga tufafi sai wanki ya yi da gaske. Ya dubi ƙarfen da ke ƙasan sandarta, ya dubi bakin ƙofar motar. Sai ya ji kansa yana cewa, "Za mu je, Yaya. Bari dai a fara yi mata kariya."

"Kariya? Harbinta za a yi?"

"Ta fenti. Akwai abin da ake shafawa, rana ba ta ci, ƙura ba ta kama."

"To, a shafa," in ji Yaya. "Ni da na jira furfurarka, ai ba zan kasa jiran shafe-shafe ba."

Kafin ranar shafawar ta zo, gidan ya cika da dokoki. Ba a ci a cikin mota, ba a sha. Wanda zai shiga ya karkaɗe takalmi. Ba a jingina, ba a ɗora jaka a kan bonet, ba a buga ƙofa. Leda kuwa tana nan a kujeru, in mutum ya zauna sai ta riƙa ƙara tana manne masa a baya. 'Yarsa, wadda bakinta bai da linzami, ta sa wa motar suna Ƙanwata, wai don ita ce autar gidan kuma ta fi kowa gata.

Akwai wani mai gyaran fenti da goge motoci da masu mota suke ji da shi, ana ce masa Sheƙi. Siriri ne, ba ya son magana da yawa, in yana aiki kuwa ko uwarsa ce ta zo sai ta jira. Mai Tabarau bai yarda ya kai motar wurin aikinsa ba, wai ƙurar hanya, don haka Sheƙi ya kwaso kayansa ya zo gida da sassafe, suka rufe ƙofar gareji rabi.

Aiki ne da ya yi wa Mai Tabarau daɗi har zuci. Sheƙi ya lulluɓe motar da kumfa ya bar ta ta jiƙa, ya wanke da soso mai laushi, bokiti ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Ya bi jikinta da wata laka mai danƙo da ke tsince dattin da ido ba ya gani. Ya tsane ta da tawul, ya hura iska a kowane lungu don kar ɗigon ruwa ya ɓuya. A ciki ya fesa wa kafet maganin da ke hana tabo kamawa, ya goge sitiyari da gaban mota. Da ya zo kan kujeru ya ce, "Yallaɓai, a cire ledar nan in shafa wa kujerun mai."

"A'a, bar ta tukuna."

"Kujera don zama aka yi ta."

"Na sani. Bar ta dai."

Sheƙi ya koma kan fenti. Ya sa safar hannu, ya ɗauko wata ƙaramar kwalba, ya ɗiga ruwanta a kan ɗan soso, ya riƙa shafawa a fenti taki-taki, tsaye sannan kwance, yana bi da ƙyalle yana sharewa, yana haska tocila ta gefe. Da ya gama, motar ta koma kamar an zuba mata ruwa ya ƙi gangarowa. Mai Tabarau ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, har da gashin hancinsa.

"Yanzu saura haƙuri," in ji Sheƙi yana haɗa kaya. "Abin nan ɗanye ne. In ya bushe gilashi yake zama. Amma kafin ya bushe, duk abin da ya taɓa shi ya zauna ke nan, da shi zai ƙanƙare. Ba ruwa, ba hannu, sai gobe warhaka."

Mai Tabarau ya raka shi bakin titi. Da ya dawo ya ɗauko igiyar shanya ya ɗaura daga wannan bango zuwa wancan, ƙasa-ƙasa daidai ƙwauri, don kar wani ya matso. Ya gaya wa matarsa, ya gaya wa 'yarsa. Yaya ce kaɗai bai gaya wa ba, don a zatonsa tana ɗaki tana barcin rana.

Ashe ba barci take ba. Ta ji fitar Sheƙi, ta ce a ranta an gama shafawa ke nan. Ta buɗe akwati ta ciro kayan da take ajiye wa fita ta musamman, ta shafa man zafi a gwiwa da hannu don kar ciwo ya ba ta kunya a hanya, ta ɗauki sanda. Mai Tabarau yana tsugune a bayan motar yana duba bamba sai ya ji muryarta a ƙofar gareji.

"Direba, fasinja ta iso!"

Idon Yaya ya yi rauni, kuma daga hasken tsakar gida ta shigo. Ba ta ga igiyar ba. Ƙafarta ta harɗe, sandar ta yi gefe, ta tafi gaba gaba ɗaya. Abin da ya hana ta kifuwa da fuska shi ne hannunta na dama da ta kai ta dafe bonet, tafin duka, da nauyinta duka. Gwiwarta ɗaya ta bugi siminti.

"Kar a taɓa!" Mai Tabarau ya daka tsawa. "Kar a taɓa, na ce!"

Ya iso da gudu ya fizge hannun daga kan motar. Sai ya sunkuya, ya karkata kai, yana duban fentin. Nan ne fa abin ya ɓaci, don tsawa kowa na iya yi cikin firgici. Amma Yaya tana durƙushe a ƙasa, tana neman abin da za ta kama ta tashi, ƙaninta kuwa ya ba ta baya yana cewa, "Kai! Kai! Kai! Dubi maiƙo!"

Matarsa ce ta rugo ta ɗaga ta. Yaya ta miƙe da ƙyar, ta karɓi sandarta, ta dubi tafin hannunta kamar ba nata ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a hankali, "Yi haƙuri, Auta. Ban san ba a taɓawa ba." Ta juya tana ɗingishi ta koma ɗaki da kayan fitarta.

Ya sa ƙyalle ya goga, amma abin ya riga ya fara kamawa. Washegari da kariyar ta bushe, shatin ya zauna daram a gefen bonet na dama. In mutum ya tsaya a gaban motar ba zai ga komai ba, amma in rana ta bugo ta gefe sai ga tafin hannu ya fito dishi-dishi, yatsu huɗu da rabi.

"Ka je ka ba ta haƙuri," in ji matarsa da suka keɓe. "Gwiwar ta kumbura."

"Ai ta san ba da gangan na yi ba."

"Ta sani. Ni ma na sani. Amma magana zarar bunu ce, Baban yara. Matar da ta goya ka ce a ƙasa, kai kana duba ƙarfe."

Ya ji maganar, ta kuma yi masa zafi don gaskiya ce. Ya je ɗakin Yaya da maganin kumburi, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya kwalbar a hannu. Ya tambayi gwiwa, ta ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin. Kalmar ban haƙurin da ya zo da ita ya kasa faɗa, ya fito da abarsa. A ransa ya yanke cewa ba da baki zai ba ta haƙuri ba, da mota zai ba ta: ya cire leda, ya buɗe mata gidan gaba da hannunsa, ya kai ta ƙofar kamfanin. Sai dai yana son ranar ta zama cikakkiya, motar ba tabo ko ɗaya. Bari dai a fara cire shatin nan.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Sheƙi yana da layin motoci, shago kuma ya cika da masu awon ido. Yaya ba ta sake tayar da maganar gidan gaba ba. In za ta fita shan iska da yamma sai ta bi ta jikin bango, nesa da motar, ta naɗe hannunta cikin mayafi. Rannan 'yarsa ta ce mata, "Gwaggo, yaushe za a kai wa rabin yatsa ziyara?" Yaya ta yi ɗan murmushi ta ce, "Bar shi, ya saba da zaman can." Mai Tabarau yana jin su daga falo, ya ɗaga jarida ya rufe fuska.

Shi kuwa shatin ya hana shi sakat. Kowace safiya in ya fito, nan idonsa ke fara sauka. A bakin shago yakan juya motar yadda rana ba za ta bugi wurin ba. Ko mutum ɗaya bai taɓa lura ba, amma shi gani yake duk garin shi ake kallo.

Ranar da layi ya zo kansa, ya rufe shago da hantsi ya kai motar wurin Sheƙi. Wuri ne mai faɗi, farin bango, dogayen fitilu jere a sama da gefe yadda ko ƙwayar ƙura ba ta da maɓoya. Ƙasa a jiƙe, iska duk ƙanshin sabulu. Sheƙi ya haska tocila a kan bonet, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba hannun yaro ba ne," ya ce. "Kuma yatsa ɗaya bai kai ba."

"Na gida ne," in ji Mai Tabarau a gajarce. "Zai fita?"

"Zai fita. Sai dai in ci kariyar wurin da inji har in isa fenti, in sake shafa sabuwa. In na gama, ko kai ba za ka gane wurin ba."

"Abin da nake so ke nan."

Sheƙi ya zagaye wurin da tef, ya ɗiga man gogewa a kan soson injin, ya kunna. Ƙarar ta cika wurin. Mai Tabarau ya rataye rigarsa ta sama a ƙusa, da wayarsa a aljihunta, ya matso yana kallo. Babban yatsa ne ya fara tafiya, sannan tafin. Guntun yatsan ne ya fi gardama, don a nan ta fi dannawa, sai da Sheƙi ya bi ta kansa ya sake bi. Daga nan ya share da ƙyalle, ya haska tocila ta kowane gefe. Baƙin fenti kawai, sumul.

Mai Tabarau ya yi murmushi. Ya ce a ransa yau ɗin nan, in rana ta yi sanyi, zai ce Yaya ta sa kayan fitarta. Har ya fara shirya abin da zai faɗa mata. Ya ɗauko rigarsa, ya ciro waya, sai ya ga kiran matarsa jere, da na 'yarsa a ƙarƙashi.

Sheƙi yana ce masa sabuwar kariyar da ya shafa ba ta sha iska ba, bai ko waiwaya ba, ya ja motar ya nufi gida.

Ya tarar da Yaya kwance a ƙasan ɗakinta, kanta a cinyar matarsa. Bakinta ya karkace, idonta a buɗe, tana ta ƙoƙarin magana ba ta fita. Ya ɗauke ta cak, ya yi mamakin rashin nauyinta. Suka kwantar da ita a kujerar baya, matarsa ta shiga ta riƙe ta. Shigar Yaya motar ta farko ke nan. Duk kwanar da ya sha sai ta zame a kan ledar, ledar na ƙara, matarsa na cewa, "A hankali! A'a, yi sauri!" Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Yawu na zuba daga gefen bakin Yaya, ita kuma ta tara hannunta na hagu a ƙarƙashin haɓa, tana tare shi kar ya sauka a kujera.

"Bar shi ya zuba, Yaya!" ya ce. "Don Allah bar shi ya zuba!"

Bai san ko ta ji ba. Ba ta dai janye hannun ba har suka isa asibiti.

Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun da ya yi aikin kamfani ya dunƙule ya ƙi buɗuwa, guntun yatsan ya shige cikin tafi. Magana ma ta tafi, sai 'yan kalmomi da suka rage mata: to, sannu, Auta. Likitar da ke duba ta ta ce su yi ta yi mata hira, kar su gaji. Ta ce, "Maganar tana nan ciki, hanya ce ta toshe. Duk ranar da kuka ji ta haɗa kalma biyu ko uku da kanta, ku yi murna, alama ce mai kyau."

A bakin gadon asibitin Mai Tabarau ya faɗi kalmar da ta maƙale masa. Ya faɗe ta ya sake faɗa, yana riƙe da dunƙulallen hannun. Yaya ta dube shi ta ce, "To." Amma haka take ce wa mai shara, haka take ce wa mai kawo magani, don haka bai san ko tasa ta isa inda ya aika ta ba.

Ranar da aka sallamo ta, ya shiga gareji ya yayyage ledar kujerun da hannunsa, ya cika kwandon shara da ita. Daga nan ya ɗauko tocila ya tsaya a gefen bonet na dama. Ya haska daga sama, ya haska daga ƙasa, ya tsuguna ya kwantar da kunci kusa da fentin. Ya koma shago ya ɗauko gilashin da yake duba ƙananan tsaga da shi. Mutumin da ke hango maiƙo a tabarau daga ƙofar shago, ya rasa ko layi ɗaya na tafin hannun yayarsa. Fuskarsa kawai yake gani, ita ma ba ya son ganinta.

Har wurin Sheƙi ya koma, yana jin kunyar abin da zai tambaya. "Shatin nan da ka cire," ya ce, "babu yadda za a yi a gano ko alamarsa? A ƙarƙashi, ko da kaɗan?"

Sheƙi ya kashe inji ya dube shi. "Na bar wani abu ne, Yallaɓai?"

"A'a. Ba ka bar komai ba."

"To, ai ka ce abin da kake so ke nan."

"Na ce," in ji Mai Tabarau. Ya yi masa sannu da aiki ya fito. A hanya ya tuna karin maganar da yakan yi wa masu sayen tabarau don ado, waɗanda ke zaɓar firam mai kyau su ƙi gilashin da ya dace da su: garin neman gira a rasa ido. Bai taɓa zaton da kansa yake ba.

Da Yaya ta ɗan yi ƙarfi har tana iya zama a keken marasa lafiya, ya zaɓi wata yamma mai sanyi. Matarsa ta sa mata kayan fitar nan, ta shafa mata man zafi a gwiwa, shi da kansa ya ce a ƙara a hannu. Ya turo keken har gefen motar, ya buɗe gidan gaba, ya ɗauke ta ya zaunar, ya ja mata bel. Matarsa da 'yarsa suka shiga baya. 'Yar ta ce, "Gwaggo, yau dai Ƙanwata ta san manya." Babu wanda ya iya dariya sosai.

Ya tuƙa a hankali ta tsohuwar unguwarsu, yana nuna mata wurare. Ga inda suke jiran bas. Ga makarantarsa, an sake mata fenti. Yaya tana kallo ta gilashi, ta ɗora hannun hagu a kan na dama, ta tattara su a cinya. Ba ta jingina sosai ba, ta ɗan ɗago bayanta daga kujerar.

Kamfanin takalman yana nan, ko da yake rabinsa ya koma wurin ajiye kaya. Ƙofar ƙarfen ce dai ba ta canja ba. Ya tsaya daidai gabanta, ya kashe mota, ya sauke gilashin ɓangarenta. Iska ta shigo da warin fata da gam. Idon Yaya ya tsaya a kan ƙofar, leɓenta ya motsa.

"Ga mu mun zo, Yaya," ya ce. "Nuna masa. Nuna masa abin da ya saya."

Ta juyo ta dube shi. Ya fita ya zagayo ta wajenta, ya sunkuya a tagar, ya kamo hannunta na hagu mai lafiya, yana ƙyalli da mai. Ya jawo shi a hankali zuwa waje, zai ɗora tafin a jikin ƙofar, a kan baƙin fentin, inda kowa zai gani. Ya riga ya yi niyya ko ruwa ba zai sake bari ya taɓa wurin ba.

Saura kaɗan hannun ya sauka sai ya ji ta ƙanƙame. Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta janye hannun, ta mai da shi cinya, ta rufe ɗayan da shi. Bakinta ya yi ta kokawa, jijiyar wuyanta ta tashi. Sannan maganar ta fito, a hankali amma tas, kalma uku a jere, karo na farko tun ranar da jikinta ya shanye.

"Kar a taɓa."

A kujerar baya 'yarsa ta buɗe baki za ta yi murna, don ta tuna abin da likita ta ce, sai uwarta ta dafe mata hannu. Mai Tabarau yana tsaye a bakin titi, riƙe da ƙofar motar. Ya cire tabaransa saboda ƙwalla ta hana shi gani sosai, ya laluba aljihu, bai samu ƙyallen ba. Yaya ta dube shi da kulawa irin ta dā, ta ce, "Sannu, Auta."